Godiya da ɗaukar nauyi: darasin kututturen gonakin Maraɗi

Babu kalmar da ta fi yawa a bakin mutumin ƙasar nan kamar kalmar godiya. In ka tambaye shi aiki, sai ya ce aiki da godiya. In ka tambaye shi iyali, ya ce alhamdu lillahi. Ko da rumbunsa ya kusa kai ƙasa, in ka tambaye shi labarin damana, sai ya ce mun gode Allah. Wannan tarbiyya ce mai kyau wadda muka gada, kuma ita ce ta riƙe zukatan iyayenmu a shekarun da ƙasa ta yi tsanani. Ba ni da niyyar rage mata daraja ko da ƙwayar hatsi guda. Abin da nake so mu duba tare shi ne inda godiyar nan take nufa bayan ta fito daga baki. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. To, in wani ya ba ka akuya ka yaba, ka yi masa addu'a, sa'an nan ka bar ta a waje kura ta ɗauke, shin mai kyautar zai ce ka gode masa?

Ra'ayina a nan shi ne, mai godiya na gaskiya shi ne wanda ya san abin da aka ba shi, ya ƙirga shi, ya tsaya a kansa har ya yi albarka. Kuma mutum ba ya samun ci gaba a rayuwarsa sai ya fara daga abin da ke hannunsa, kome ƙanƙantarsa.

Mu da muke aikin fassara mun san wahalar kalmar nan ta Faransanci, « responsabilité », wadda ba a rasa ta cikin kowane jawabi da kowace takardar hukuma. Kalma guda ce a wurinsu, amma Hausa ta raba ta uku. Akwai nauyi, wato kayan da mutum ya aza a kansa ya ce ni zan kai shi. Akwai amana, wato abin da aka danƙa maka wanda wata rana za a tambaye ka shi. Akwai kuma alhaki, wanda ke bin mutum in ya yi sakaci har wani ya cutu. Duk wanda ya haɗa ukun nan zai gane cewa kakanninmu ba su jira wani ya zo ya koya masu wannan magana ba. Gonar da ka gada nauyi ce a kanka, amana ce ta ƴaƴanka, in kuma ka bar ta ta mutu, alhakinsu yana wuyanka.

Ba na son maganar ta tsaya cikin iska, domin haka zan kawo misali daga ƙasarmu, wanda da yawa daga cikinku sun gani da idanunsu.

Dattawan jahar Maraɗi suna tuna yadda gonaki suka koma bayan babban farin da ya kai tsananinsa a 1973 da 1974. Tun kafin farin ma an riga an cinye daji da noman gujiya, jama'a ta ƙaru, saura ta ƙare. A wancan zamani, manomin kirki shi ne mai gona tas, wadda ba a ganin ko tsiro guda a cikinta. Da rani ya tsaya, sai magidanci ya ɗauki gatari da adda ya yi sassabe, ya tara sabara da kalgo da geza ya cinna masu wuta. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Iskar farkon damana takan taso ba abin da ke tare ta, ta kwashi rairayi ta yanke shuka ko ta binne ta, har manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku, iri ya ƙare, lokaci ya wuce. Mata kuwa suna tafiyar sa'o'i neman iccen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato su ƙona takin da gona take bukata.

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama kuma ranar dashen itatuwa. An buɗe wuraren renon itatuwa, an raba dogon yaro da turare. A kwarin Majiya, cikin jahar Tawa, layukan itatuwa masu tare iska da aka fara dasawa a 1975 sun kama, sun yi amfani ƙwarai. A watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Duk wannan ƙoƙari ne da ya cancanci yabo. Amma gaskiya ita ce yawancin itatuwan da aka dasa a ƙauyuka ba su kai shekara ba. An dasa su ranar biki da kiɗa da jawabi, kowa ya watse, ba mai ban ruwa, ba mai tare awaki. Iccen kowa ne, wato ba na kowa ba.

A cikin wannan hali ne wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Toni Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da wani abu a 1983. Shi ma ya yi ta dashe yana ganin itatuwansa suna mutuwa. Wata rana ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai ya duba ƴan ƙananan tsire-tsiren nan da ke barbaje cikin gonaki, waɗanda kowa ya ɗauka ciyayi ne na banza. Ya ga ashe toho ne na manyan itatuwan da aka sare tun da daɗewa. Kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa ta riga ta kai ga laima. Kowace shekara yana toho, kowace shekara ana sare shi. Ana ta kashe kuɗi ana kawo ƴan itatuwa cikin leda daga nesa, alhali daji guda yana kwance a ƙarƙashin ƙafar manomi yana neman a bar shi ya tashi.

Aikin da ake kira sassaben zamani ba shi da wuya, kuma ba ya cin ko dala. Manomi ya zagaya gonarsa ya zaɓi kututturen da yake so ya raya. A kan kowane guda, inda rassa ashirin ko talatin suka fito suna gasar ruwa da rana, ya zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, daga guda zuwa biyar, ya sare sauran. Waɗanda ya bari ya rage masu ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsayinsu, da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Bayan ƴan watanni ya dawo ya sake gyarawa. Tun da saiwa ta riga ta kafu, iccen yakan yi saurin da dashe ba ya yi. Abin da aka sare ya zama iccen girki, ganyen da ya zuba ya zama taki, inuwa ta rage zafin ƙasa, iska ta sami abin da zai karya ƙarfinta.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: baƙon bai kawo icce ko guda ba, kuma dabarar ba baƙuwa ba ce ga ƙasar Hausa. A Damagaram, manoman Magarya da Matamai da Mirya sun daɗe da sanin darajar gawo, iccen nan mai saɓa wa sauran itatuwa, wanda ke zubar da ganye da damana ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani ya ba bisashe ƴaƴa da inuwa. Har yau ana ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya tsananta hukunci a kan mai sare gawo. Abin da baƙon ya yi shi ne ya nuna da yatsa abin da ido ya saba gani har ya daina ganinsa. Wannan ma kyauta ce babba, kuma duniya ta yaba masa a 2018 da lambar girma ta Right Livelihood, wadda ya karɓa shekara guda da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Mu ma muna gode masa.

Amma wurin da nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani shi ne abin da ya faru bayan haka. Da farko ƴan manoma kaɗan ne suka yarda su gwada, kuma maƙwabtansu suka yi ta yi masu dariya, suna cewa ga ragwaye masu ƙazamar gona. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda jama'a suka sa wa suna El Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya a wannan shekara. Aka shiga rabon abinci a kan aiki, aka sa sharaɗi cewa mai son a ba shi hatsi sai ya bar itatuwa a gonarsa. Ƙauyuka wajen ɗari suka shiga, aka raya itatuwa wajen 500.000. Da ruwa ya dawo, rabon abinci ya tsaya, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan nan.

Me ya sa? Domin masu su ba su taɓa ɗaukar su nasu ba. A ganinsu iccen Nasara ne, an biya su su yi tsaronsa, biya ya ƙare, tsaro ya ƙare. Sauran kashi guda kuwa, waɗanda suka duba da kyau suka ga shukarsu ba ta binnu ba, matansu sun huta da tafiya, bisashensu sun sami abin ci da rani, su ne suka ce wannan nawa ne. Daga gare su abin ya yaɗu, maƙwabci ya gani a gonar maƙwabci, baƙo ya gani ranar kasuwa ya kai garinsu, ba mota, ba kuɗin zama taro. Bayan shekara ashirin, masu bincike suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da na farkon shekarun 2000, suka ƙiyasta cewa gonakin da suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma ƙarin cimakar da ake samu a dalilinsu ya kai wajen tan 500.000 a shekara. Babu wani shirin dashe a duk faɗin Sahel da ya kusanci wannan adadi. Talakawa ne suka yi shi da adda.

Irin wannan ya faru a jahar Tawa ta wata hanya. A 1989 wasu manoman Ilela suka je Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a kan fako, a zuba taki cikin tafin hannu a kowane rami, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwan sama ya tsaya maimakon ya gudu. Suka dawo gida suka yi, abin da muke kira tassa. Ba a daɗe ba fakon da a da ko kyauta aka ba mutum ba ya karɓa ya zama abin saye da sayarwa.

Na san akwai mai cewa: kai ma'aikaci, kana zaune a Yamai albashinka yana zuwa ƙarshen wata, da sauƙi ka ce wa talaka ya ɗauki nauyin kansa. Ruwan sama ba a hannunsa yake ba, farashin taki ba a hannunsa yake ba, gonar ma ta ƙanƙance. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, ba zan kauce mata ba. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a ƙasar nan, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa. Akwai matan da ba su da ko taki guda na gona, akwai samarin da rabonsu na gado bai isa ya ciyar da su wata uku ba. Wanda ya ce wa irin waɗannan mutane talaucinsu laifinsu ne, ya yi zalunci, kuma ba abin da nake faɗi ke nan ba. Abin da nake faɗi shi ne, a cikin abubuwa goma da suka dami mutum, in takwas sun fi ƙarfinsa, biyu suna hannunsa, kuma yawancinmu muna ƙare kwanakinmu muna kukan takwas ɗin har biyun su lalace. Manomin 1984 bai iya saukar da ruwa ba, bai iya buɗe iyaka ba. Abin da ya iya shi ne ya ɗaga addarsa daga kan reshe guda. Malamanmu ma sun sha faɗa mana cewa tawakkali yana zuwa ne bayan ƙoƙari, kuma Bahaushe ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin wanda ya shafi mu ma'aikatan hukuma kai tsaye, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. Ba jahilci kaɗai ya sa manomi yake sare kowane toho ba. Tun dokar gandun daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, wadda dokar 1974 ta bi sawunta, icce abin hukuma ne. In gawo ya girma a gonarka, ba ka da ikon sare reshensa sai da takarda, in ka sare a ci ka tara. Wane mai hankali ne zai reni abin da gobe zai jawo masa tara? Sai ya kashe shi tun yana ƙarami, kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi. Sai da aka sassauta wannan riƙo a aikace tun tsakiyar shekarun 1980, sa'an nan aka zo da ƙa'idojin dokar ƙarkara a 1993, da sabuwar dokar gandun daji a 2004, manomi ya fara sakin jiki. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fito da doka ta musamman a kan raya toho cikin gonaki, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfanin iccen da ya raya. Darasin a bayyane yake: ba a ce wa mutum ya ɗauki nauyin abin da aka hana shi mallaka. Duk ma'aikacin da ke kukan cewa mutanen ƙauye ba su kula da rijiyar da aka gina masu, ko ajin lekol, ko injin niƙa, ya fara tambayar kansa ko an taɓa ce masu abin nasu ne, ko an ba su makulli da littafin kuɗi, ko kuwa an kira su ne kawai su yi tafi ranar buɗewa.

Mallaka kuma ba ta isa ba sai da haɗin kai, domin mai raya icce yana barci wani yana iya zuwa da dare ya sare. A Ɗan Saga, cikin yankin Agiye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka sa dokokinsu, suka riƙa bin su. Sun gane cewa in aka bar makiyayi a waje, zai zama abokin gaba, in aka sa shi ciki, shi ma yana da rabo a ganye da ƴaƴan icce.

Yanzu bari in juyo gare ku, ƴan uwa da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, domin ku ne kuka fi karanta wannan shafi. Kun yi watanni kuna zama bayan sallar isha'i ko da tsakar rana, kun bar hira, kun jure dariyar waɗanda ke cewa gemu ya wuce karatu. Aka ba ku takardar shaida, kuka gode wa malaminku. To, ina karatun yake yau? Kowa ya san mutanen da suka iya haɗa baƙi da kyau, bayan shekara biyu ko sunansu ba su iya rubutawa, saboda tun ranar da aka rufe aji ba su sake riƙe alƙalami ba, suna jiran a kawo masu littattafai daga birni. Karatun nan kututture ne mai rai, ko da ya yi kamar ya bushe. Ba sai an kawo ɗakin karatu ba. A sayi ɗan littafin rubutu guda a kasuwa. A rubuta ranar da aka yi shuka, da damin da kowace gona ta ba da, da tiyar da aka ci a wata, da bashin da aka karɓa da ranar biyansa. Mace ta rubuta zubin adashinta da abin da ta kashe a kan ƙuli-ƙuli da abin da ya dawo mata. A karanta takardar asibitin yaro, a duba ranar rigakafi. A tsaya gaban sikeli ranar awo a karanta lamba da ido. In maƙwabci yana da wasiƙa ko saƙo a waya, a karanta masa. Wanda ya yi haka shekara guda zai san gidansa fiye da yadda ya taɓa saninsa: zai ga watan da hatsi ke ƙarewa tun kafin ya zo, zai ga kuɗin da ke zurarewa a goro da buki. Daga nan ne shawara take fitowa, ko a rage wani abu, ko a yi noman rani, ko a sayi tunkiya a turke.

Haka kuma ga ma'aikacin biro. Ƙasar nan ta ɗauke mu tun muna yara ta sa mu lekol da kuɗin harajin mutanen da ƴaƴansu ba su taɓa shiga aji ba. Muna yawan lissafin abin da ba a ba mu ba, ƙarin girma, gida, mota, kuma wani lokaci kukan yana bisa gaskiya. Amma tsohon da ya biya kuɗin mota daga ƙauye domin takardar haihuwar jikansa, aka ce masa ya dawo gobe alhali sa hannu guda ya rage, wannan ba ministan kuɗi ya jinkirta shi ba. Yana cikin abubuwa biyun nan da ke hannunmu.

Lokacin sassabe yana zuwa kowace shekara a watannin Maris da Afrilu, kafin ruwan farko. Kafin ya zo, ina roƙon ma'aikatar da ke kula da muhalli ta sa kofin dokar 2020 ya kai hannun kowane mai gari da kowane hakimi cikin Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamashek da Barbarci, da baƙaƙe manya waɗanda tsoho zai iya gani, a kuma karanta ta a gidajen rediyon ƙarkara fiye da sau guda. A kowane gari akwai wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci. Shi ya kamata a miƙa wa takardar ya karanta ta a gaban jama'a a ƙofar mai gari, da ma'aikacin gandun daji a zaune yana amsa tambayoyi.